Daga 44,100 Zuwa 768,000: Me Kunne Ke Samu Idan Aka Ninka Lambobin Sauti?

A watan Maris na 1979, a birnin Eindhoven na ƙasar Holan, kamfanin Philips ya tara 'yan jarida ya nuna musu wani ɗan faifai mai sheƙi wanda hasken leza ke karantawa maimakon allura, wato CD. Ba a zana waƙar a jikinsa ba kamar yadda ake yi wa faifan garmaho. An mayar da ita lambobi ne aka jera. Da Philips ya haɗa kai da kamfanin Sony na Japan don su fito da tsari guda wanda duniya za ta bi, sai gardama ta kaure a kan tsawon kowace lamba. Philips ya tsaya a kan bit 14, domin ya riga ya yi nisa wajen ƙera 'yan guntayen na'urorin da za su karanta hakan. Sony ya kafe sai 16. A 1980 aka daddale, kuma maganar Sony ce ta yi rinjaye.

Injiniyoyin Philips suka wayi gari da kaya a hannu waɗanda ba su dace da sabon tsarin ba, ga lokaci ya ƙure, don a watan Oktoba na 1982 Sony zai sa na'urarsa CDP-101 a kasuwar Japan. Mafitar da suka samu ta lissafi ce. Kafin lambobin su isa wurin guntun nan mai bit 14, sai a ninka yawansu sau huɗu, daga 44,100 a daƙiƙa zuwa 176,400, sannan a ture kurakuran da ragin bit biyu ke haifarwa zuwa can sama inda kunne ba ya kaiwa. Da wannan dabara na'urarsu ta farko, CD100, ta fito ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta Sony, har yau kuma akwai masu neman tsofaffin na'urorin Philips na wancan zamani saboda daɗin sautinsu.

Dabarar fita kunya ce, amma yau ta zama haja. Ana sayar da akwatuna na dubban daloli waɗanda ba su da wani aiki sai wannan ninkin. Ana buga 192 ko 384 ko 768, wato dubbai a daƙiƙa, da manyan baƙaƙe a jikin kwali, mai saye kuma ya ɗauka duk inda lamba ta fi girma nan sauti ya fi daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta wajen da masu talla ke nuna wa mutane ba.

Yadda sauti ke zama lamba

Sauti motsin iska ne. Idan makaɗi ya daki kalangu, fatar tana kaɗawa, ta tura iskar da ke gabanta ta kuma janye ta, wannan turi da janyewa su yi ta tafiya har su iso dodon kunne. A cikin makirufo akwai ɗan falle da ke kaɗawa haka nan, ya mayar da motsin ya zama wutar lantarki mai hawa da sauka. Aikin na'urar ɗaukar sauti ta dijital shi ne ta riƙa auna tsayin wannan wutar a kai a kai, da tazarar lokaci wadda ba ta canjawa ko ƙanƙani, tana rubuta abin da ta gani da lamba. Kowane awo guda shi ake kira samfuri. A faifan CD ana yin awo 44,100 a kowace daƙiƙa domin kunnen dama, wasu 44,100 domin na hagu. Bit 16 kuwa na nufin ma'aunin yana da matakai 65,536 daga ƙasa zuwa sama. Idan aka haɗa lissafin, daƙiƙa ɗaya na cin bit 1,411,200, wato minti guda na waƙa ya kai kusan megabayit 10.

Lambobin nan biyu kowace da aikinta, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Yawan samfuri a daƙiƙa shi ke yanke iyakar sirantar sautin da za a iya kamawa. Yawan bit shi ke yanke tazarar da ke tsakanin ƙara mafi ƙarfi da ɗan shuu ɗin da ke kwance a ƙasa. Bit 16 na ba da tazarar kusan desibel 96, wadda ta fi ƙarfin yawancin ɗakunan da muke zaune ciki, inda ƙugin fanka ko janareton maƙwabci ya riga ya binne duk abin da ke can ƙasa.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: abin da ya faru tsakanin awo da awo fa, ba ya salwanta?

Amsar ta girmi kwamfuta. Harry Nyquist, haifaffen Suwidin da ya yi aiki da kamfanin tarho na Amurka, ya share fagen a 1928 yana nazarin saƙon tangaraho. Vladimir Kotelnikov ya kawo hujjar a Tarayyar Sobiyet a 1933, Claude Shannon kuma ya kafa ta daram a rubutunsa na 1949. Abin da suka tabbatar shi ne, muddin babu wata kaɗawa a cikin sauti da ta kai rabin yawan samfurin, to lambobin sun kwashe shi baki ɗaya, ba a bar komai a baya ba. Dalili kuwa, layi ɗaya tak ne mai santsi zai iya ratsa waɗannan ɗigogin ba tare da ya ƙetare iyakar ba, kuma wannan layin shi ne ainihin sautin da ya shiga makirufo. Kunnen yaro mai ƙoshin lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, shekaru kuma suna ta rage iyakar, har da yawa daga waɗanda suka haura arba'in ba sa jin abin da ya wuce 15,000. Rabin 44,100 kuwa 22,050 ne. Ke nan an rufe duk abin da kunne ke ji, har da 'yar rara.

Akwai wani hoto da ya yi wa fahimtar jama'a babbar illa: hoton igiyar sauti mai santsi a gefe guda, ga kuma ta dijital a ɗaya gefen tana hawa tana sauka kamar matakalar bene. Duk wanda ya gan shi zai ce ai kuwa idan aka ƙanƙanta matakalar sautin zai fi laushi. A 2013 Christopher Montgomery na gidauniyar Xiph.Org ya fitar da wani bidiyo inda ya ɗauko tsofaffin na'urorin awo waɗanda ba na dijital ba, ya tura sauti ya shiga a matsayin lambobi 44,100 ya fito ta ɗaya gefen. Ko da ya kai kaɗawa 20,000, inda kowane zagaye ke samun samfuri biyu da 'yan kai kawai, abin da ya bayyana a allon igiya ce sumul, babu matakala ko ɗaya. Matakalar a zanen takarda take, ba ta isa lasifika.

Inda ƙarancin samfuri ke cizo da gaske shi ne wayar tarho. Tsarin da aka daɗe ana bi yana ɗaukar samfuri 8,000 ne a daƙiƙa, ana yanke murya a wajen kaɗawa 3,400. Shi ya sa idan ana karanta maka suna ta waya sai “s” da “f” su riƙa shiga juna, kana cewa a maimaita, domin abin da ke bambanta su yana sama da inda aka yanke. Da aka zo da sabon tsari mai samfuri 16,000, wanda ke kai murya har 7,000, kowa ya ji bambanci ko da ƙaramar waya ce a hannunsa. Daga 8,000 zuwa 16,000 riba ce bayyananniya, daga nan zuwa 44,100 ma haka. Bayan nan ne hanya ta shiga inda kunne ba ya bi.

Ita kanta lambar 44,100 ba daga binciken kunne kaɗai ta fito ba, akwai hannun na'urar bidiyo a ciki. A ƙarshen shekarun 1970 babu wani ma'aji mai araha da zai iya haɗiyar lambobi da irin wannan sauri sai kaset ɗin bidiyo irin na U-matic, don haka aka riƙa mayar da lambobin sauti su zama ɗigogin fari da baƙi a naɗe su kamar hoto. A tsarin talabijin na Amurka da Japan, layi 245 ne ake iya amfani da su, sau 60 a daƙiƙa, kowane layi na ɗaukar samfuri uku. A na Turai layi 294 ne, sau 50, samfuri uku. Ko ta ina aka buga lissafin, 44,100 yake bayarwa. Masu harkar fim da talabijin daga baya suka tsaya a kan 48,000, shi ya sa duniya ke tafe da lambobi biyu har yau.

Matsalar rariya

Sharaɗin nan na “muddin babu abin da ya kai rabi” shi ne gaɓar da duk wahalar take. Duniya cike take da sautukan da suka wuce 22,050: ƙarar ƙarfe idan ya daki ƙarfe, kacau-kacau, kukan jemage. Idan aka bar su suka shiga, ba ɓacewa suke yi ba, rikiɗa suke yi. Wanda ya taɓa lura da tayar mota a fim tana juyawa baya alhali motar gaba take gudu, ya ga wannan abu da idonsa, domin kyamara hoto 24 take ɗauka a daƙiƙa, tayar kuma ta fi ta sauri. Haka kaɗawa 30,000 da kunne ba ya ji, idan aka auna ta da samfuri 44,100, sai ta dawo a matsayin 14,100, wani siririn fito wanda babu makaɗin da ya busa shi, kuma ba ya cirewa bayan ya shiga. Dole ke nan a sa rariyar lantarki a bakin ƙofa ta tace duk abin da ya wuce iyaka.

A ƙofar fita ma akwai irin wannan. Lokacin da ake mayar da lambobi su zama wuta, inuwar waƙar tana bayyana a sama da 22,050, a juye. Sautin da ke 20,000 inuwarsa na 24,100. Ana son rariyar da za ta bar 20,000 ya wuce lafiya lau, ta kuma datse abin da ke gaba kaɗan da shi gaba ɗaya. Ƙera irin wannan da naɗaɗɗiyar waya da kafasito aiki ne mai tsada da wuyar daidaitawa. Ba a cika samun biyu da suka yi daidai da juna ba, zafi yana canja halinsu, kuma suna jinkirta siraran sautuka fiye da masu kauri. Wani ɓangare na kukan da aka riƙa yi da na'urorin CD na farko, cewa sautinsu na da kaifi da bushewa, ana danganta shi da waɗannan rariyoyi.

A nan ninka samfuri ya yi rana. Ga yadda ake yin sa idan sau huɗu ake so: tsakanin kowane samfuri da na gaba da shi sai a cusa sifiri uku. Jerin ya zama lamba, sifiri, sifiri, sifiri, lamba. Sai a bi da shi ta cikin rariyar lissafi, wadda ke duban samfura masu yawa na gaba da na baya, ta auna kowanne da nauyinsa, ta cike gurbin kowane sifiri da lambar da ta faɗa daidai kan layin nan guda ɗaya mai santsi. Da an gama, inuwar farko ta tashi daga 24,100 ta koma wajen 156,400. Yanzu rariyar da za a sa a ƙarshe ba ta bukatar kaifi, 'yar sauƙaƙa mai araha ta wadatar, kuma ba ta taɓa abin da kunne ke ji. An ɗauke aiki mai wuya daga hannun waya da kafasito an ba lissafi, wanda zafi ba ya canja shi kuma ba ya tsufa. Wannan riba ce ta gaske, kuma ita ce babbar ribar.

Amma a lura da inda sababbin lambobin suka fito. Daga tsofaffin aka lissafo su. Babu ko ɗaya da ya zo da labarin da ba ya cikin faifan tun asali. Idan an yanke sauti a 22,050 ranar da aka ɗauka, to ko sau dubu aka ninka a nan zai tsaya. Juye fura daga ƙaramar ƙwarya zuwa babba yana iya sauƙaƙa damu, amma ba ya ƙara ko dunƙule ɗaya.

Daga ƙarshen shekarun 1980 masu ƙera na'urori suka ƙara nisa a wannan hanya. Suka koma amfani da guntaye masu bit kaɗan ƙwarai, wasu ma bit ɗaya tak, amma masu gudu sau 64 ko fiye da na CD, suna ture kurakurai sama kamar yadda Philips ya fara. Kusan duk wayar hannu da kwamfuta da talabijin na yau da irin wannan suke aiki. Wato mai sauraron karatu ko waƙa a wayarsa, ninkin na gudana a aljihunsa ko ya sani ko bai sani ba.

To me akwatin dubban daloli ke sayarwa?

Rariya yake sayarwa. Tunda na'urar da ke mayar da lambobi sauti za ta ninka da kanta ko ta yaya, abin da akwatin waje ke yi shi ne ya karɓe aikin ya yi shi da lissafi mai zurfi fiye da wanda ɗan guntun ciki zai iya. Kamfanin Chord Electronics na Ingila ya fitar da M Scaler a 2018, ƙirar injiniya Rob Watts, mai rariyar da ke da ma'aunai sama da miliyan ɗaya, yana kai CD zuwa samfuri 705,600 a daƙiƙa, abin da aka ɗauka da 48,000 kuma zuwa 768,000. Manhajar HQPlayer tana yin irin wannan a kwamfuta. Babu ƙarya a lissafinsu, suna matsowa kusa da cikar ƙa'idar Shannon fiye da kowa. Abin tambaya shi ne ko saura nawa ne ya rage a gyara, tunda guntun kirki na zamani ya riga ya sauke kurakuransa ƙasa da inda kunne ke tsinkaya.

Akwai kuma bambancin hali tsakanin rariyoyi. Wata tana barin 'yar karkarwa kafin bugun ganga da bayansa, wata kuma ta tattara karkarwar duka ta koma bayan bugun. Ana ta muhawara a kan wace ce ta fi, amma karkarwar tana faruwa ne a wajen kaɗawa 22,000, inda kunne ba ya isa. A ɗaya ɓangaren akwai masu ƙin ninkin ɗungurungum, mabiya ra'ayin da Ryohei Kusunoki ya yaɗa a Japan a tsakiyar shekarun 1990. Na'urorinsu na rage ƙarfin siraran sautuka da kusan desibel 3 a wajen 20,000, suna kuma barin inuwar nan ta fita. Masu son su na cewa sautin ya fi taushi, kuma ba na musun suna jin hakan. Sai dai launi ne aka shafa wa waƙar, ba kusantar asali aka yi ba. Kowa da abin da ransa ke so, amma ya kamata a kira abu da sunansa.

Ninkin yana iya yin ɓarna ma. Idan an cika wa waƙa ƙara har lambobinta na dukan rufi, layin da ke ratsa tsakaninsu yakan haura rufin, wani lokaci da kusan desibel 3. Rariyar da ba a bar mata sarari ba sai ta sare kan igiyar, a ji ƙarce-ƙarce. Sauya 44,100 zuwa 48,000 kuma ba ninki ne kai tsaye ba, sai an mayar da kowane samfuri 147 ya zama 160, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa sun riƙa yin wannan aiki a gurguje suna ɓata sauti. Su kuwa fayilolin da ke ɗauke da sautukan da suka wuce jin ɗan Adam da gaske, idan suka faɗa hannun amfilifaya ko lasifika da ba a ƙera don su ba, sukan gauraya su haifi datti a ƙasa, inda ake ji.

Abin da gwaji ya nuna

A 2007 Brad Meyer da David Moran na ƙungiyar masu sha'awar sauti ta birnin Boston suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti. Sun riƙa kunna faifan SACD da na DVD-Audio, manyan tsare-tsaren da aka fito da su wajen 1999 da 2000 don su gaji CD. Wani lokaci a bar sautin ya tafi kai tsaye, wani lokaci a bi da shi ta ƙaramar ƙofar 44,100 da bit 16, mai saurare bai san wanne ne ba. Cikin gwaji 554, an canka daidai sau 276, wato rabi, abin da mai jefa kwabo ma zai samu. An soki gwajin cewa wasu daga faifan da suka yi amfani da su ba su ƙunshi sauti mai zurfin gaske ba tun asali. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 ya auna su tare, ya samu cewa mutane na canka daidai da kusan kashi 52 cikin ɗari, waɗanda aka horar kuma sun fi haka. Ke nan bambancin ba sifiri ba ne, amma siriri ne ƙwarai, kuma wannan a kan sautin da aka ɗauka da babban awo tun farko ake magana, ba wanda aka ninka daga baya ba.

To me ya sa mutane masu gaskiya ke rantsuwa cewa faifan babban awo ya fi daɗi nesa ba kusa ba? Sau da yawa gaskiyarsu ne, amma dalilin daban. Meyer da Moran da kansu sun lura cewa waɗannan faya-fayan an fi kula da su wajen gyaran ƙarshe, domin an san masu kunnen ƙwarai ne za su saya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008. An matse sautin CD ɗin don ya yi ƙara har ya riƙa fashewa, sai masoya suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi tsabta, don ba a yi musu wannan matsin ba. Hannun mai gyara ne ya raba su, ba yawan samfuri ba. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga jama'a a 2014 don ƙera na'urar Pono mai kunna samfuri 192,000, amma zuwa 2017 harkar ta tsaya. Kamfanin Apple ya buɗe irin wannan babban awo ga masu biyan kuɗin waƙoƙinsa a 2021, alhali abin kunnensa marar waya ba ya iya ɗaukarsa, sai an matse sautin kafin ya bi ta Bluetooth.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama fayil ɗin da aka kumbura. A buɗe shi a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, a zaɓi hoton da ke nuna sautuka daga masu kauri a ƙasa zuwa sirara a sama. Waƙar da aka ɗauka da samfuri 96,000 na gaske, launinta yana dusashewa ne a hankali yana hawa. Wadda aka ninka daga CD kuwa za a ga launin ya tsaya cak a wajen 22,000 kamar an sa reza, daga nan har sama baƙi ƙirin. Idan daga MP3 mai kilobit 128 aka ɗauko ta, yankan yakan sauko wajen 16,000. An sha kama faya-fayan da ake sayarwa da tsada a shagunan intanet da wannan baƙin fili a samansu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba akwatunan dubban daloli muke saye ba. Yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu, daga waƙar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos zuwa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, daga kaset ya taso. Wani ya kwafa ya matse shi ya zama MP3, mai tura waƙa a kasuwa ya zuba a memori, wani ya ɗora a YouTube, wani ya sauko da shi ya sake matsewa ya tura ta WhatsApp. Tsarin MP3 da ire-irensa zubar da wani ɓangare na sauti suke yi don fayil ya ƙanƙance, kuma kowane sabon matsi da abin da yake ci. Daga ƙarshe sai wani mai kyakkyawar niyya ya mayar da fayil ɗin kilobit 320 ko samfuri 96,000 ya rubuta masa “HD”. Ya ƙara wa jama'a cin data da cikar memori, amsar 'yan amshin da ta dusashe kuma tana nan a dusashe. Manhajojin zamani masu cewa suna maido da abin da ya ɓace, ƙirƙira suke yi bisa hasashe. Yana iya daɗi a kunne, amma ba abin da ya fito daga bakin mawaƙin ba ne, kuma bai kamata a adana shi a matsayin asali ba.

Wurin da babbar lamba ke da amfani na haƙiƙa shi ne ƙofar shiga. Mai situdiyo da ke ɗauka da bit 24 yana da sararin da zai rage ƙarfin makirufo don kada murya ta fashe, ya kuma yi ta gyara da haɗawa ba tare da shuu ya taru ba. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a kwafi tsohon faifai ko kaset da abin da ya gaza samfuri 48,000 da bit 24, manyan ma'ajiyoyi da yawa kuma 96,000 suke amfani da shi. Ba don kaset na ɗauke da sautin da ya kai can ba, sai don masu gyara na gaba su samu cikakken abin da za su yi aiki a kai, tunda mai yiwuwa wannan ne karo na ƙarshe da kaset ɗin zai juya.

Kafin ma a zo maganar lamba, akwai wani ɗan sukuru a gefen kan da ke karanta zaren kaset, wanda duk tsohon mai gyaran rediyo ya san shi. Idan kan ya karkace ko da kaurin gashi ne daga yadda na'urar da ta naɗi kaset ɗin take, siraran sautuka sun tafi, murya ta koma kamar daga cikin bargo. A sa kaset yana juyawa, a ɗora ɗan sukurdireba a murɗa a hankali hagu da dama ana saurare, za a ji inda kuge da tafi suka buɗe tar, a nan za a tsaya. A goge kan da auduga da sifirit, a duba robar da ke jan zare ko ta saki. Aikin minti biyar ne, amma abin da yake cetowa ya fi duk abin da ninki zai iya bayarwa, domin shi yana ɗebo abin da ke cikin zaren ne da gaske.

Gidajen rediyonmu na jihohi, da iyalan mawaƙa da malamai, da tsofaffin masu shagon kaset a Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram, akwai kwalaye a hannunsu waɗanda zafi da ƙura da damina ke ci kullum. Duk mai irin wannan kaya ya nemi na'ura mai lafiya da wanda ya san kanta, a kwafa sau ɗaya da kyau, a ajiye a matsayin WAV ko FLAC waɗanda ba sa zubar da komai, a wuri biyu daban-daban, a rubuta sunan mai murya da wuri da shekara idan an sani. Daga wannan uwar ne za a riƙa cire ƙananan MP3 ana raba wa jama'a. Kuma ko an gama kwafa, kada a jefar da kaset ɗin.